Zaɓen Shekarar 1974 da Tarihin Ƙungiyar Pittsburgh Steelers

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda galibi da hannu ake yin sa, ƙungiya ba ta sayen matashi da ƙarfin aljihunta kamar yadda aka saba a Turai. Tun daga 1936 ake taruwa kowace shekara a raba 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i bi da bi, zagaye bayan zagaye. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, zakara kuwa sai ta jira kowa ya ɗauka. Manufar ita ce kada mai ƙarfi ya dawwama a sama.

Pittsburgh Steelers, wadda Art Rooney ya kafa a 1933, ta daɗe tana samun wannan dama tana ɓarar da ita. A 1955 ta zaɓi Johnny Unitas, ɗan garin, ta sallame shi tun kafin a fara kaka, ya tafi Baltimore ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu jefa ƙwallo a tarihin wasan. Ƙungiyar ta yi kusan shekara 40 ba ta ci ko wasa ɗaya a zagayen neman kofi ba.

Al'amura sun fara sauyawa a 1969 da zuwan koci Chuck Noll, wanda ya buɗe da Joe Greene. A 1970 aka jefa kwabo tsakaninsu da Chicago Bears, domin kowacce ta ci wasa ɗaya tak cikin 14. Sa'a ta faɗa wa Pittsburgh, ta ɗauki Terry Bradshaw. Sai dai ba sa'a ce ta gina ƙungiyar ba. Mutumin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Bill Nunn, editan wasanni na jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier. Ya shekara da shekaru yana zagaya ƙananan jami'o'in baƙaƙen fata na kudancin Amurka, inda masu neman 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi ba su cika leƙawa ba. Ya san kociyoyin, su ma sun san shi. Da ƙungiyar ta ɗauke shi aiki, ta wannan hanya aka samo L.C. Greenwood da Mel Blount.

A Janairun 1974 aka ga cikar aikin. A zagaye na farko suka ɗauki Lynn Swann, a na biyu Jack Lambert, wanda ake ganin ya cika siranta ga mai tsaron tsakiya. Ba su da zaɓi a zagaye na uku. A na huɗu suka sami John Stallworth na jami'ar Alabama A&M, a na biyar Mike Webster. Ana ba da labarin cewa an gwada gudun Stallworth a jiƙaƙƙen fili, bai burge kowa ba, sai Nunn ya tsaya bayan tafiyar sauran ya sake gwada shi a busasshen wuri. Noll ya so ɗaukarsa tun a zagayen farko, aka lallashe shi ya jira, kuma har zaɓi na 82 babu wanda ya taɓa shi. Dukkan huɗun sun shiga Zauren Gwarzaye da ke Canton a jihar Ohio, haka ma Donnie Shell, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓa a shekarar. Kofi huɗu na Super Bowl suka biyo baya, a kakannin 1974, 1975, 1978 da 1979.

Idon da ya gano waɗannan bai hana kuskure ba. A 1983 suka tsallake Dan Marino, shi ma ɗan garin, suka ɗauki Gabe Rivera, wanda haɗarin mota ya nakasa bayan wasa shida kacal. Daga nan sai da aka kai 2004 kafin su sami mai jefa ƙwallo na dindindin, wato Ben Roethlisberger, a zaɓi na 11, shi ma domin sun yi mummunar kaka a 2003.

A nan ne matsalar zaɓukan gaba take. Daga 2004 zuwa 2024 ƙungiyar ba ta yi kakar da faɗuwa ta rinjayi nasara ba, don haka ba ta samun sahun gaba, inda ake wawashe masu jefa ƙwallo na gari. Kenny Pickett, wanda suka ɗauka na 20 a 2022, shekara biyu ya yi aka miƙa shi ga Philadelphia. Hanya biyu ta rage musu. Ko dai su sadaukar da zaɓukan shekaru masu zuwa domin su hau sama, kamar yadda suka yi a 2019 suka kai na 10, ko kuma su nemo gwani a zagayen baya, a zamanin da kowace ƙungiya ke da bidiyon kusan kowane ɗan wasa na kowace jami'a.