Daga Jigo Zuwa Wayar Salula: Tarihin Fataucin Albasa a Jega, Aliero da Maiyama

Tun ƙarni na 19 Jega ta shahara da babbar kasuwa a ƙasar Gwandu, inda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan yada zango. A wancan zamani madugu da fatoma da dillali su ne ke haɗa mai kaya da mai saye, kuma amana ce jarinsu. A kan wannan tsari cinikin albasa ya ginu, wadda Bahaushe ya ɗauke ta abinci kuma magani, musamman ga mura.

A da, manomin rani a fadamun Aliero da Maiyama da jigo yake ban ruwa, saboda haka gonarsa ba ta wuce ƙarfin damtsensa. Bayan kafa Jihar Kebbi a 1991, shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse. Gonaki suka faɗaɗa, albasa ta yi yawa har ta fi ƙarfin kasuwannin gida, sai manyan motoci suka riƙa kwasarta zuwa Legas da Anacha da ƙasashen maƙwabta.

Wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ita ta sauya aikin dillali. Kafin nan, sai mota ta dawo ake sanin farashin kudu. Bayan zuwanta kuwa, kafin a ɗaure bakin buhu an ji yadda kasuwar Mile 12 ta kwana. A 2006 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero.

Sai dai matsalar ajiya ba ta bi sahu ba. Lokacin girbi kowa na kai kaya, farashi ya faɗi. Wanda ya adana a rumbun kara kuma, zafi da danshin damina su ruɓar da wani kaso. Haka nan a 2021, bayan an wawashe motocin albasa a kudu, ƙungiyar 'yan albasa ta ƙasa ta dakatar da kai kaya can na wani lokaci.

Abin lura ga malamai da dattawa shi ne, inji da waya sun ƙara yawa da sauri, amma ribar manomi tana rataye ga ingantaccen rumbu da amincin hanya. Allah Ya albarkaci noma.