Zubaida 'Yar Ja'afar, Mahaifiyar Halifa Al-Amin

A wannan shafi mun kawo taƙaitaccen tarihin Zubaida, ɗaya daga cikin fitattun matan Daular Abbasiyya, wadda hedikwatarta take Bagadaza a ƙasar Iraki ta yau. Matsayinta a fada ya yi kama da na Mai Babban Ɗaki a Kano ko Magira a Borno, wato mahaifiyar sarki.

Zubaida jikar Halifa Al-Mansur ce, wanda ya gina Bagadaza a shekarar 762 Miladiyya. Sunanta na yanka Amatul Aziz. Kakan nata ne ya yi mata laƙabi da Zubaida tun tana ƙarama, daga kalmar Larabci mai nufin man shanu. Ta auri ɗan baffanta Haruna Rashid, wanda ya yi halifanci daga 786 zuwa 809, ta haifa masa Muhammad Al-Amin a 787.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne na ruwa. A zamaninta alhazai na shan baƙar wahala saboda ƙishirwa a Makka da Arfa, ruwa kuma ya yi tsada ƙwarai. Sai ta ɗauki nauyin janyo ruwa daga idanun ruwa na Hunaini da Wadi Nu'uman, aka fasa duwatsu, aka gina magudanu, wasu a ƙarƙashin ƙasa. Masana tarihi sun ruwaito cewa da ma'ajinta ya koka da yawan kuɗin, sai ta umarce shi da a ci gaba ko da kowane sara na gatari zai ci dinari guda. Har yau alhazanmu na iya ganin kufan magudanun a gindin Dutsen Rahama.

Haka kuma ta inganta hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, mai tsawon kimanin kilomita 1,400, da rijiyoyi da tafkunan tara ruwan sama da masaukai. Ya kamata mu faɗa cewa halifofin da suka gabata ne suka soma aikin hanyar, amma yawan abin da ta kashe ya sa sunanta ya bi ta, ana kiranta Darbu Zubaida. A ganinmu abin lura ga masu kula da ayyukan karkara shi ne yadda aka jera wuraren ruwan zango-zango, gwargwadon tafiyar ayari.

A harkar mulki kuwa ba ta ji daɗi ba. Ta tsaya tsayin daka a kan ɗanta ya gaji mahaifinsa, duk da cewa Al-Ma'amun, ɗan wata ƙwarƙwara mai suna Marajil, ya girme shi da 'yan watanni. A shekarar 802 Haruna ya sa aka rubuta yarjejeniyar gado aka rataye a cikin Ka'aba: Al-Amin da farko, sannan Al-Ma'amun. Yarjejeniyar ba ta ɗore ba. Yaƙi ya ɓarke tsakanin 'yan'uwan, rundunar Ɗahiru ɗan Husaini ta yi wa Bagadaza ƙawanya, aka kashe Al-Amin a 813.

Zubaida ba ta nemi ɗaukar fansa ba. Ta sulhunta da Al-Ma'amun, shi kuma ya mayar mata da dukiyarta, ya ci gaba da girmama ta. Ta rasu a Bagadaza a shekarar 831, daidai da 216 bayan Hijira.