Asalin Wasan Golf a Sikotilan

Wasan golf ya samo siffarsa ta yau a gabar tekun gabashin Sikotilan, a filayen rairayi masu gajeriyar ciyawa waɗanda ba a nomawa sai kiwon tumaki. A shekarar 1457 Sarki James na Biyu ya haramta shi, domin ya shagaltar da samari daga koyon harbin baka. Dokar ba ta yi tasiri ba, tunda a 1502 jikansa James na Huɗu ya sayi sandunan wasan da kuɗin fada.

'Yan wasan garin Leith ne suka rubuta ƙa'idoji na farko, guda 13, a 1744. A 1764 kuma filin St Andrews ya rage ramukansa daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi.

Ƙwallon kanta ita ta fi sauya wasan. Ta dā ɗinkakkiyar fata ce, ana cusa mata dafaffen gashin dinya tun tana jiƙe. Idan ta bushe, fatar ta tsuke, gashin ya kumbura, sai ta yi tauri kamar dutse. Gwanin baduku ba ya wuce uku ko huɗu a yini, saboda haka sai mai hali ke iya saye, kuma ruwan sama na lalata ta. Wajen 1848 aka fara yin ta da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya, farashi ya faɗi. 'Yan wasa suka lura cewa wadda ta sha duka ta yi tabo ta fi sabuwa tafiya sak, daga nan masu yin ta suka riƙa tsattsaga bayanta da guduma kafin su sayar.