Sallu: guzurin Sahara da ya zama abincin azumi a Maroko

A ƙasar Maroko, da zarar watan Sha'aban ya kama, ƙamshin soyayyen riɗi yakan cika lungunan Fas da Rabat da Marakish. Alama ce ta cewa matan gida sun fara haɗa sallu, wanda a wasu garuruwa ake kira sufuf. Garin alkama ake gasawa har ya yi ja, a soya riɗi da ƙwayar lauz, a niƙa, a zuba kirfa da sauran kayan ƙamshi, sannan a kwaɓa da man shanu da zuma ko sukari. Da yake duk kayan sun sha wuta, kuma babu ruwa a ciki, sallu yakan yi wata guda ko fiye bai lalace ba.

Asalinsa ba na birni ba ne. Malamin nan masanin ƙasashe, Al-Idrisi, haifaffen Sabta, wanda ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a shekarar 1154 a fadar sarki Roja na 2 a Sisiliya, ya ba da labarin wani abinci na Sanhaja, makiyayan yammacin Sahara, da suke kira asallu a harshensu. Alkama suke soyawa su ɓarza, su cuɗa da zuma da man shanu, su ɗura a jakunkunan fata. Mutum ya ci kaɗan da safe ya kora da madara, sai ya wuni bai nemi wani abinci ba. Daga cikin waɗannan ƙabilu ne Murabiɗai suka fito, suka kafa Marakish wajen shekarar 1070.

Da abincin ya zauna a birane, sai ya samu ƙari. Riɗi da lauz da kirfa suka shigo daga kasuwa, sukari kuma ya fara tsayawa a madadin zuma. A ƙarni na 16 Maroko ta shahara da noman rake a yankin Sus, musamman a zamanin Ahmadul Mansur (1578-1603), sarkin da rundunarsa ta karya daular Songai a Tondibi a 1591. Amma dalilin sallu bai sake ba: abin da ya riƙe matafiyi cikin hamada, shi ke riƙe mai azumi daga sahur zuwa faɗuwar rana. Shi ya sa ake ajiye shi a faifan buɗa-baki tare da dabino da miyar harira, ake kuma ba mai jego don ta maido ƙarfinta.

Tsadar lauz ta sa gidaje masu ƙaramin ƙarfi suna sa gyaɗa a madadinsa, gyaɗar da ta fito daga Amurka ta Kudu, ba ta iso Afirka ba sai ƙarni na 16. Nan sallu ya yi kusa da kantun riɗi da dakuwar da ake yi a Maraɗi da Damagaram. Abin da ya fi fuskantar barazana shi ne aikin gayyar da ke tattare da shi. Da can maƙwabta kan taru su tsince riɗi, yara su kai gari gidan gashi na unguwa, ƴan mata su koyi awon kayan a hannun kakanninsu. Yanzu shaguna na sayar da shi a haɗe, kilo-kilo, kuma yarinyar da aka saya wa ba ta ga yadda ake gane garin da ya gasu ba.