Sallah da Mauludi a Jalingo: Mene Ne Ibada, Mene Ne Al'ada?

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, tambayoyin 'yan uwa mazauna Sabo a Ibadan, Agege a Legas da Ama Hausa a Owerri kusan iri ɗaya ne: dole ne in tafi gida? A ina zan fitar da zakkar kono? In aika kuɗin rago ko in yanka a nan? Ni ɗan Jalingo ne, don haka da garinmu zan yi misali, in ware abin da addini ya ɗora mana daga abin da al'ada ta ƙara. Shi na farkon yana bin mutum duk inda ya je. Na biyun kuwa gwargwadon hali ne.

Garin kansa

Jalingo ita ce hedikwatar Jihar Taraba tun da aka cire jihar daga tsohuwar Gongola a 1991, kuma nan ne fadar Sarkin Muri, Alhaji Abbas Njidda Tafida. Sarki Muhammadu Nya ne ya mayar da ita mazaunin sarauta wajen 1893. Fulani, Mumuye, Jukun Kona, Hausawa da wasu ƙabilu da yawa ke zaune a ciki, Musulmi da Kirista maƙwabtan juna. Shi ya sa za ka ji Bafulatani na cewa "Julde", Bahaushe na cewa Sallah, duk abu ɗaya ake nufi.

Ƙaramar Sallah

Ana yin ta ranar 1 ga Shawwal, bayan azumin kwana 29 ko 30. Ma'anarta godiya ga Allah da ya ba mu ikon kammala azumi. Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, shi ke sanar da ganin wata daga Sakkwato, kuma sanarwar ta shafi na Jalingo da na Fatakwal baki ɗaya. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, Sallah na zagayawa: wani lokaci a damina, wani lokaci a hunturu.

Wajibin da ke cikinta shi ne zakkar fidda-kai, wadda muke kira zakkar kono: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, a kan kowane mutum da kake ciyarwa, har jariri. Daga abincin da aka fi ci a garin ake fitarwa. A Jalingo masara ce ko shinkafa ko dawa. Ana so ta isa hannun mabuƙaci kafin a tafi Idi. Matafiyi ya fitar da tasa a inda Sallah ta same shi, in kuma ya wakilta na gida su fitar masa, ta yi.

Sallar Idi raka'a 2 ce, ba kiran sallah ba iƙama, huɗuba na biyo baya. Sunna ne a yi wanka, a ɗan ci wani abu kafin fita, a tafi ana kabbara, a dawo ta wata hanyar daban. Sauran, wato sabon ɗinki, lalle da kitso, tuwon shinkafa da waina da ake rabawa gida-gida, gaisuwar Sallah a fadar Sarki, yawon Sallah da goron Sallah na yara, duk al'ada ce mai kyau, amma wanda bai samu ba babu laifi a kansa.

Babbar Sallah

Ita kuma 10 ga Zulhajji ce, washegarin tsayuwar Arfa. Layya tunawa ce da biyayyar Annabi Ibrahim (AS) lokacin da aka umarce shi da yanka ɗansa, Allah ya fanshe shi da rago. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali kaɗai.

Ga sharuɗɗan a taƙaice. Rago ko akuya su cika shekara 1, saniya 3, raƙumi 5. Ba a yi da mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko ramammiya ƙwarai. Ba a yankawa sai liman ya yanka nasa, wanda ya riga shi nama kawai ya samu. Kwanakin yanka 3 ne: 10, 11 da 12. Ba a sayar da nama ko fata, ba a kuma biyan mahauci da su. Batun mutum 7 su haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya akwai saɓani: Malikiyya ba ta yarda da tarayya a kuɗi ba, sauran mazhabobi sun halatta. A tambayi malamin unguwa kafin a zuba kuɗi.

Wakilci ya halatta, saboda haka wanda ke Onitsha zai iya turo kuɗi a saya masa rago a kasuwar Iware ko Garba Chede, a yanka da sunansa. Yawanci ma ya fi sauƙi, tunda kuɗin mota da na hanya bai hau kan dabbar ba. Yarabawa na kiran wannan Sallah "Ileya", wato lokacin komawa gida ya yi. Da mu da su duk muna da wannan marmarin, sai dai zuwa gida zumunci ne, ba sharaɗin Idi ba ne.

Mauludi da Cika-ciki

Ranar 12 ga Rabi'ul Awwal mabiya ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya kan yi Mauludi: karatun tarihin Manzon Allah (SAW), yabo, zagayen ɗaliban Islamiyya da rabon abinci. 'Yan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, ba sa yi, suna ganin bidi'a ne. A Jalingo sai ka tarar da ɓangarorin biyu a gida ɗaya. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne Idi biyu ne a Musulunci.

Ranar 10 ga Muharram kuwa Ashura ce, azuminta sunna ne, ana so a haɗa da na ranar 9. Cika-ciki da dafa jelar ragon layya da aka adana al'adarmu ce ta Hausa.

Shawarata

Na sha ganin ɗan uwa ya ci bashi, ya taɓa jarinsa, don kada a ce bana bai yanka ba ko bai zo gida ba, ya dawo Kudu ya shafe watanni yana biya. Allah bai ɗora masa wannan ba. A fara da zakkar kono, a halarci Idi a inda ake, a kira iyaye a gaishe su, a miƙa wa maƙwabci abinci ko da ba addininku ɗaya ba. Yaranmu da aka haifa a nan kuma a zaunar da su a faɗa musu dalilin kowane abu, kada su tashi suna zaton Sallah sabon kaya ce kawai.

Allah ya maimaita mana, ya kai matafiya gida lafiya.