LABARIN GIDAN HIGHCLERE DA DAUSAYINSA

Jama'a, a ƙasar Ingila, cikin lardin Hampshire, kusa da garin Newbury, akwai wani babban gida wai shi Highclere. Filinsa ya kai wajen eka 5,000. Da fari ƙasar ta manyan limaman kirista na Winchester ce, suka daɗe da ita ɗaruruwan shekaru. A 1679 wani lauya, Sir Robert Sawyer, ya saye ta, daga bisani ta bi ta hannun 'yarsa ta shiga zuriyar Herbert, su ne masu sarautar Carnarvon, kuma tana hannunsu har yau.

Ginin da a ke gani yanzu ba shi ne na asali ba. A 1842 mai gidan na uku ya sa Charles Barry, wanda ya zana majalisar dokoki ta Landan, ya sāke masa fuska da dutse, ya ɗora hasumiya a tsakiya.

Amma ni dausayin ya fi ja mini hankali. Wanda ya tsara shi wajen 1770 shi ne Lancelot Brown, gwanin shirya filaye na zamaninsa. Dabararsa ita ce ya yi aiki tuƙuru, sa'an nan a ga kamar ba a taɓa wurin ba. Ciyawa shimfiɗe har gindin gida, tumaki na kiwo, itatuwa gungu-gungu. Akwai manyan itatuwan al'ul na Lubnan da suka haura shekara 200. To, ga abin da baƙo ba ya gani: a da akwai ƙauye a gefen gidan. Da za a buɗe filin sai aka tashe shi, aka mai da mutanen gaba, don kada bukkokin talakawa su tare wa mai gida ido. Wanda ya san yadda a ke tashin zango saboda gari ya faɗaɗa, ya san zafin wannan.

Mai gidan na biyar kuwa shi ya ba Howard Carter kuɗin tono a Masar, har aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922. Bai daɗe ba ya rasu a Alƙahira, cikin Afrilu 1923, aka kawo shi aka binne bisa tudun Beacon da ke duban gidan.

Riƙon irin wannan gida sai mai ƙarfi. Rufi ya yi ta yoyo, ɗakuna da dama suka lalace, sai da aka fara ɗaukar wasan talabijin na Downton Abbey a can a 2010, masu ziyara suka yi ta biya suna shiga, kana aka sami abin gyara.