Rigata: yadda ɗan ƙasar da ba ta da teku ke shiga tseren jiragen ruwa a ƙetare

Rigata ita ce gasar tseren jiragen ruwa, ko waɗanda ake tuƙawa da filafili ko waɗanda iska ke turawa. Kalmar ta samo asali daga birnin Benis na ƙasar Italiya, inda har yau ake tseren kwale-kwale a cikin gari kowace Lahadin farko ta watan Satumba. Ta shigo Hausa tuntuni, domin bikin ruwa na masarautar Yawuri a jahar Kebbi ta Najeriya da wannan suna aka san shi. Ga mutumin Madawa, Buza ko Keita, inda teku mafi kusa ya haura kilomita 1000 ta hanyar mota, wasa ne da ake gani a talabijin kawai. Sai dai tarihin gasar ya nuna rashin teku ba shi ke hana ƙasa shiga ba. Abin da ke hanawa shi ne rashin jirgi, rashin mai koyarwa da tsadar tafiya, kuma Nijar ta taɓa ganin haka da idonta a 2012.

Ire-iren rigata

Akwai gidaje uku da bai kamata a haɗa su ba. Na farko shi ne tseren kwale-kwale na gargajiya, irin wanda ake yi a bikin kamun kifi na Argungu, da Yawuri, da Pategi a ƙasar Nufawa, da Saint-Louis a Senegal, da bikin Ngondo na Duwala a Kamaru. Nan kowane gari da dokarsa, kuma jirgin na masunta ne.

Na biyu shi ne tuƙi na zamani. Matuƙin na zaune ya ba wa inda ya dosa baya, yana jan filafili a cikin siririn jirgi mai kujera mai zamewa. Hukumar duniya da ke kula da shi, wadda aka sani da FISA ko World Rowing, an kafa ta a 1892. Tsawon tseren a manyan gasanni mita 2000 ne a miƙe. Daga cikin tsofaffin gasanninsa akwai karawar jami'o'in Oxford da Cambridge da aka fara a 1829, da rigatar Henley da aka fara a 1839, dukkansu a kan kogin Thames na Ingila.

Na uku shi ne tseren jiragen iska. Ba inji, ba filafili: babban ƙyalle ne ake ɗaurawa a jikin dogon sanda, iska ta cika shi ta tura jirgin. Hukumarsa ta duniya, World Sailing, an kafa ta a Paris a 1907. Kofin da ya fi tsufa shi ne Kofin Amurka, wanda ya samo suna daga wani jirgi mai suna America da ya ci tseren kewaya tsibirin Wight a Ingila a 1851. A wasannin Olimpik na Paris 2024, an yi tseren jiragen iska a gaɓar birnin Marseille, inda ƴan wasa 330 suka nemi lambobi a rukuni 10.

Yadda ake tseren jiragen iska

Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar abin da zai iya shi ne ya karkace da kusan digiri 45, ya tafi dama, ya juya hagu, ya sake juyawa dama, har ya isa inda yake so. Shi ya sa alƙalai ke ajiye alamar farko can sama, ta inda iskar ke fitowa, don a ga wanda ya fi iya karanta ta. Wanda ya lura iska za ta sauya kafin abokan karawarsa, shi ke wucewa gaba ko da jirginsa bai fi nasu gudu ba.

Ba a tsaye ake fara tseren ba. Ana busa ƙaho tare da ɗaga tuta saura minti 5, a sake a saura minti 4, sannan a saura minti 1. Duk wannan lokaci jiragen na zagaye a bayan layin farawa, kowa na neman ya tsallaka daidai da busar ƙarshe. Wanda ya riga lokaci dole ya komo ya sake tsallakawa, ko a soke masa tseren.

Dokokin haɗuwa a kan ruwa iri ɗaya ne a duk duniya, kuma ana sabunta su duk shekara 4. Babbar doka ita ce: jirgin da iska ke bugunsa ta hagu shi zai kauce wa wanda take bugu ta dama. In duka biyun ta gefe ɗaya take bugunsu, wanda ya fi kusa da mafitar iskar shi zai kauce. Wanda ya karya dokar hanya zai iya wanke kansa da juya jirginsa sau biyu a wuri ɗaya. Wanda ya taɓa alama, sau ɗaya. In aka yi gardama, ana shigar da ƙara a rubuce gaban kwamitin alƙalai bayan an fito daga ruwa.

Lissafin maki ya saɓa wa na ƙwallon ƙafa. Na ɗaya maki 1 yake samu, na biyu 2, na goma 10. Ana yin tsere da yawa cikin kwanaki, a yafe wa kowa mafi muninsa, kuma mai ƙarancin maki shi ne zakara.

Ƙasashen da ba su da teku amma suka yi suna

Suwizalan ba ta da teku kamar Nijar. Duk da haka ƴar ƙasar, Hélène de Pourtalès, tana cikin matuƙan jirgin Lérina da ya ci zinariya a Olimpik na Paris a 1900. A 2003 ƙungiyar Alinghi, wadda gidanta ke bakin tabkin Janiba, ta je Auckland ta ƙwace Kofin Amurka daga hannun New Zealand. Da lokacin kare kofin ya zo a 2007, sai da ta ari tekun birnin Balensiya na Sipaniya, kuma ta riƙe shi. Ostiriya ma ta ci zinariya a jirgin Tornado a 2000 da 2004 ta hannun Roman Hagara da Hans-Peter Steinacher, ta kuma ƙara zinariya biyu a Marseille a 2024. Waɗannan ƙasashe a tabki yaransu ke koyo, sannan su bi hanya zuwa gaɓar wasu. Tafiya ƙetare a wurinsu wani ɓangare ne na wasan tun daga farko.

Ɗan Nijar a Landan, 2012

Nijar ta fara halartar Olimpik a Tokyo a 1964. Lambobinta biyu sun fito ne daga wasannin faɗa: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a tekwando a Rio 2016. A tseren jirage kuwa, sunan da duniya ta riƙe shi ne Hamadou Djibo Issaka.

Issaka mai aikin lambu ne kuma mai kula da wurin ninƙaya a Yamai, ɗan wasan iyo ne kafin a juyo da shi ga tuƙi. Yana da shekara 35 lokacin da ya sauka Ingila, kuma watanni kaɗan kacal ya yi yana koyon jirgin gasa, a sansanonin horo na Masar da Tunisiya, saboda a lokacin babu irin wannan jirgi a Nijar. Bai ci gurbi ta hanyar share fage ba. Ya shiga ne da takardar gayyata, irin wadda Kwamitin Olimpik na Duniya ke ba ƙasashen da tawagarsu ba ta da yawa, don kada wasannin su zama na masu hali kaɗai.

A tabkin Eton Dorney, ranar 28 ga Yuli 2012, ya kammala mita 2000 na zagayen farko cikin minti 8 da daƙiƙa 25. A zagaye na biyu ya yi minti 8 da daƙiƙa 39. Ya ƙare na 33 cikin 33. Mahé Drysdale na New Zealand, wanda ya ci zinariya, ya yi tseren ƙarshe cikin minti 6 da daƙiƙa 57, kuma wanda ya bi masa, Ondřej Synek, ɗan ƙasar Cek ne, wata ƙasar da ba ta da teku.

Ƴan kallo sun miƙe suna yi wa Issaka tafi duk lokacin da ya iso layi shi kaɗai. Amma ba kowa ya ji daɗi ba. Steve Redgrave, Baturen Ingila mai zinariya 5 a tuƙi, ya yi ƙorafin cewa an bar ƙwararrun matuƙa a gida an ba sabon shiga gurbi. Masu kare tsarin gayyata suka ce in ba ta wannan ƙofa ba, wasan ba zai taɓa isa ƙasashe irin Nijar ba. Gayyata na kai mutum fage, amma ba ta maye gurbin shekarun horo.

Abin da tafiyar ke bukata

Ɗan wasa ba ya shiga gasar ƙasa da ƙasa da kansa. Sai ya kasance da lasisi daga ƙungiyar wasan ta ƙasarsa, ita kuma ta kasance cikin hukumar duniya. Ga Olimpik, Kwamitin Olimpik na Nijar, COSNI, shi ke miƙa sunaye. Alamar Nijar a wasannin NIG ce, ta Najeriya kuma NGR, kuma kuskure tsakanin biyun abu ne da mai cika takarda ya kamata ya duba sau biyu.

Kowace gasa na fitar da sanarwa watanni kafin lokaci, mai ɗauke da ranar rufe rajista, kuɗin shiga, shekarun da aka yarda da su da takardun da ake nema. Galibi akwai fasfo, biza, takardar likita da inshorar da za ta biya in jirginsa ya lalata na wani. Bizar ƙasashen Turai ita ce ke yawan cin lokaci, don haka takardar gayyata daga masu shirya gasar ake fara nema.

Babban nauyi shi ne jirgin. Wanda bai da hali ba ya ɗauko nasa, haya yake yi a wurin gasar, ya zo da ƙyallensa da igiyoyinsa a jaka. Hakan na yiwuwa ne saboda ƙananan jiragen gasa ƙira ɗaya ake yi musu. Optimist, jirgin yara ƴan ƙasa da shekara 16 da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, tsawonsa mita 2,3 ne. ILCA, wanda aka fi sani da Laser, ya ɗan haura mita 4, gangar jikinsa ba ta kai kilo 60 ba, kuma a Olimpik masu shirya wasa ne ke raba shi ga kowa. Kafin a fara, ana auna kowane jirgi da kowane ƙyalle. Abin da ya saɓa wa awo ba ya shiga ruwa.

Sai kuma ruwan kansa. Wanda ya koya a tabki zai tarar da igiyar ruwa, da cika da janyewar teku, da gishiri, da sanyi. Shi ya sa tawagogi ke sauka kwanaki kafin gasa. Don rage wa ƙananan ƙasashe wannan nauyi, akwai tallafin karatu da horo na shirin Solidarité Olympique, kuma World Sailing na da nata shiri na horas da matasan ƙasashen da wasan bai kafu ba.

Ruwa da iska a ƙasar Adar

Iska dai ba a rasa ta a jahar Tawa ba. Ƙarfin iskar hunturu ne ya sa tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, don kare gonaki daga zaizaya. Ruwa ma akwai, gwargwado: tabkin Keita da ƙananan madatsan da Aikin Keita ya gina tun daga 1984 da tallafin Italiya da FAO, madatsan Mozage da Zongo a kan Majiya, da tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi da ke cikin jerin Ramsar. Ƙaramin jirgi irin Optimist ba ya bukatar zurfin da ya wuce mita ɗaya.

Amma wannan ruwa yana da masu shi. Da shi ake shayar da dabbobi, da shi ake noman albasa da tumatir na rani, cikinsa masunta ke samun abinci, kuma yana ja baya sosai daga Maris zuwa saukar damina. Akwai haɗarin tsargiya a ruwan da ba ya gudu, akwai kuma nutsewar yara da ake fama da ita kowace damina. A duk inda ake koyar da tuƙin jirgi, sharaɗin farko shi ne iya iyo da sa rigar ceto, kuma wannan darasi yana da amfani a bakin tabkin Keita ko da ba wanda zai je gasa.

Matasan Adar sun saba da hanyar bakin teku, domin Abijan, Kwatano, Lome da Legas na cikin garuruwan da suke zuwa biɗa shekara da shekaru. A Legas akwai kulob na jiragen iska tun 1932. Gasar kanta ma tana matsowa: an tsara wasannin Olimpik na matasa a Senegal daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, karo na farko da wata gasar Olimpik ta sauka a Afirka, kuma tseren jirage a gaɓar Saly aka ajiye shi.